Yaƙin Injiniya Tasi'u a Kan Sunaye Sittin da Uku

Da sunan Allah muke buɗe wannan littafi, kuma gare Shi muke neman tsari daga sharrin masu gyara. Bayan haka, wannan shi ne tarihin Injiniya Tasi'u, ɗan Mamuda mai gyaran rediyo, wanda duk rediyon da ta shiga shagonsa tana magana sai ta fito tana tari. Ɗan Ɗan'azumi mai gyaran agogo, wanda a zamaninsa unguwa guda ta yi shekara tana tafiya ɗaurin aure bayan an watse. Ɗan Barau gyartai, wanda matan garinsu suka haɗu suka roƙe shi don girman Allah ya bar musu ƙwaryoyinsu a fashe. Daga wannan tsatso mai daraja, wanda bai taɓa mayar da abu yadda ya same shi ba, aka haifi gwarzonmu: Sarkin Yaƙin Wayoyi, Garkuwan Saba, Barden Ɗakin Sanyi, ma'abocin takardun shaida goma sha ɗaya, kowacce an lulluɓe ta da leda an rataye a bango, wanda ya yi kwas na wata uku a wani bene bayan tasha ya sauko da Injiniya a gaban sunansa, kuma har yau ba a haifi wanda ya isa ya cire ba.

Daularsa ita ce Kwalejin Horar da Ma'aikatan Lafiya ta Rafin Ɗinya. A ƙarƙashin mulkinsa akwai kwamfuta arba'in da ɗaya, ƙabila uku, ba wadda ke jin yaren 'yar'uwarta. Akwai ƙabilar Windos, su ashirin da takwas, mazauna ofisoshi. Akwai ƙabilar Linuks, su goma sha biyu, mazauna laburare, waɗanda wata ƙungiya ta kawo kyauta ta tafi ba ta bar lambar waya ba. Sai Mak guda ɗaya tak a teburin Shugaban kwaleji, an rufe ta da ƙyalle mai aikin hannu kamar kwanon abincin baƙo. A bisa dukkansu kuma akwai saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye kayan kowa, tana zaune a wani ɗaki mai na'urar sanyi, kuma mabuɗin ɗakin guda ɗaya ne, yana aljihun Injiniya.

Manyan ayyukansa biyu ne, kuma da su yake buɗe kowace hira, ko da gaisuwar mutuwa ya je. Na farko shi ne abin da ya kira furofayil mai yawo. Kowane ma'aikaci yana da jakarsa ta takardu a cikin saba. Duk kwamfutar da ya zauna a gabanta ya sa sunansa da kalmar sirrinsa, sai jakar ta biyo shi can. Idan ya fita, kwamfutar ta mayar wa saba jakar. Da yake ƙabilun uku ba sa fahimtar juna, Injiniya ya zauna ya rubuta musu doka da hannunsa mai albarka: kwamfutar da ta fita ƙarshe, abin da ta kawo shi ne gaskiya, sauran a zubar. Ya karanta wannan doka sau uku a taron ma'aikata, ya kuma manna ta a ƙofar kowane ofis. Na biyu, ya kashe tsohon littafin sa hannu. Daga ranar, zuwa aiki shi ne shiga kwamfuta: wanda sunansa ya shiga bayan ƙarfe takwas, saba ta yi masa jan layi. Sannan, don kare daula daga baƙin cututtuka, ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya toshe ramin filash da gam.

A cikin talakawan wannan daula akwai wata mai buga takardu a ofishin Rajistara, sunanta Kubura Isyaku. Ba ta da takarda a leda, ba ta da kirari. An ɗauke ta aikin gwaji na wata shida, kuma wa'adin zai cika ranar Juma'ar da Majalisar kwaleji za ta zauna. Rajistara, Alhaji Ɗanlami Zubairu, ya ɗora mata aiki guda: ta buga sunayen ɗalibai ɗari uku da arba'in da za a yaye, kowanne da lambarsa da garinsu da sakamakonsa, daga takardun da malamai suka rubuta da hannu, irin rubutun da za ka rantse da ƙafa aka yi shi. Idan jerin ya isa gaban Majalisa, a tabbatar da ita a aiki. Idan bai isa ba, ta kama hanyar gida, inda tagwayenta da mahaifiyarta mai ciwon ƙafa ba su da wani madogara sai ita.

Ranar farko ta buga sittin da uku. Washegari ta ƙara ɗari da hamsin, ta adana, ta fita ƙarfe huɗu don ta ɗauko yara. Da safe ta buɗe jakarta: sittin da uku. Ta ce ko ita ce ta manta. Ta sake bugawa, ta adana sau uku, ta fita. Da safe, sittin da uku. Na ƙarshe a jerin wani ɗalibi ne, Haladu Maigari, kullum yana nan a gindi kamar mai gadi, bayansa kuma fili fetal. Ba damar ta kwafe a filash, gam ya tare. Ba damar ta fitar a takarda, don Rajistara ya kulle farar takarda a durowa, ya ce ba ya ba da ita sai ga aikin da ya kammala. Mako guda cur ana wannan.

"Malama Kubura," in ji Rajistara, "kwamfuta ba ta cin suna. Ko dai ba kya bugawa, ko kuma a mafarki kike bugawa."

"Wallahi, ranka ya daɗe, ina bugawa. Dubi yatsuna."

"Ba yatsu Majalisa za ta duba ba. Juma'a ƙarfe goma. A kira min Injiniya."

To, a ranar Litinin, wadda masu tarihi suka kira Ranar Wanki, gwarzo ya fito. Ya iso da ƙarfe goma da rabi, cikin farar riga mai dogon hannu, da katin aiki a wuya, da sukudireba uku a aljihu kamar kibau a kwari, da jakar da ba wanda ya taɓa ganin cikinta, yana tafe ƙasa na amsa takalminsa, masinjoji na darewa, kajin da ke kiwo a gindin darbejiya na neman mafaka. Ya tsaya a ƙofar ofishin Rajistara, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ɗaga murya:

"Kowa ya ɗauke hannunsa daga maus!"

Ba wanda hannunsa ke kan maus sai Kubura. Sauran suna cin gyaɗa.

Ya zauna a kujerarta ya yi mata tambayoyi irin na alƙalin da ya riga ya yanke hukunci. Ta san maɓallin adanawa? Ta sani. Ta nuna masa. Ta sake nuna masa. Ya girgiza kai irin na wanda ya ga jahilci ya yafe. Sannan ya kafa wa sikirin ido har na tsawon lokacin da za a dafa ƙwai, ya miƙe, ya yi shela cewa ya gano abokin gaba, kuma sunansa bairos, wato cutar kwamfuta. Nan take ya yi wa kwamfutar Kubura fomat, wato ya wanke cikinta tas, abin da ya ci yini guda, ya ci lemo biyu da tsire na ofis, ya kuma bar kwamfutar ba ta jin firinta har yau da ake wannan rubutu. Ita kuwa Kubura ta koma teburin kusa, ta shiga da sunanta, jakarta ta biyo ta, ta buga ɗari da hamsin, ta fita ƙarfe huɗu. Injiniya ya tsaya a baranda ya yi wa jama'a bushara:

"An gama da shi! Gobe ku zo ku ga aiki!"

Gobe ta zo. Haladu Maigari yana nan a gindin jeri, lamba sittin da uku, ko gezau.

Wani ƙaramin mutum da ya ji kunya. Amma Injiniya ba ƙaramin mutum ba ne, kuma kunya ba ta cikin darussan da aka koyar a benen bayan tasha. Ranar Talata, Ranar Silin, ya bayyana cewa bairos ɗin ɗan aike ne kawai, asalin maƙiyi yana cikin wayoyi. Ya sa aka kawo tsani. Ya naɗe hannun riga, ya kama tocila da haƙora, ya hau, ya shige cikin rufi inda wayoyin daula suke kwance a cukurkuɗe tun ranar da shi da kansa ya watsa su, ya yi rarrafe cikin duhu da zafi da kashin jemage, yana bin wata shuɗiyar waya da yaƙinin cewa ita ce jijiyar fitina, har ta kai shi ga wata runduna da ba ta cikin lissafinsa, wato gidan rina mai girman tulu. Abin da ya gudana a can sama ba wanda ya gani, amma an ji. An ji gudu a inda ba a gudu. An ji ana kiran sunayen waliyyai. Daga nan ƙafarsa ta dama, da takalminta da safarta, ta ɓullo ta silin ɗin ofishin jarrabawa, daidai saman wata malama da ke shan kunu, ta tsaya tana lilo.

"Ku riƙe tsani! Ku riƙe tsani, na ce!"

Tsanin yana wani ofishin daban.

Da aka sauko da shi, leɓensa na sama ya yi biyu, idonsa na hagu ya rufe, wandonsa ya yage tun daga gwiwa har inda ba a faɗa. Aka ara masa wandon wasanni na ɗalibai, aka aika nasa wurin mai wanki da ɗinki a bakin kasuwa. Amma jarumi ba ya barin fage da rana tsaka. A cikin wandon aro, da ido ɗaya, ya juya rundunarsa, wato shi kaɗai, zuwa ofishin Shugaba, don ya tuhumi Mak. Ya yaye ƙyallen. Ya zagaya ta sau huɗu yana neman inda ake kunna ta. Ya shafa gaba, ya shafa gefe, ya ɗaga ta ya leƙa ƙasa. Sakatariyar Shugaba ta gaya masa kada ya wahalar da kansa, tun da aka sayo ta ba a taɓa sa mata wuta ba, Yallaɓai ya fi son ta a rufe. Injiniya ya mayar da ƙyallen, ya ce dama gargaɗi ya zo yi mata, kuma ta ji.

Kubura ta buga ɗari da hamsin. Ta fita ƙarfe huɗu. A cikin keke napep ta riƙa lissafi da yatsu, kuma lissafin bai yi mata daɗi ba: saura Laraba da Alhamis. Idan aikin Laraba ya kwana lafiya, na Alhamis zai cike. Idan bai kwana ba, ko da hannu huɗu gare ta ba za ta kai ba.

Laraba da safe, sittin da uku.

Ta zauna ta dubi Haladu Maigari, yaron da ba ta taɓa gani ba amma ta fi sanin lambarsa da ranar haihuwar 'ya'yanta. Ba ta yi kuka ba, don kuka yana cin lokaci. Ta ja takardun malamai ta fara daga sittin da huɗu.

Wannan ita ce Ranar Fatahu, kuma a cikinta Injiniya ya tara ma'aikata a baranda ya yi huɗuba da kumburarren leɓe. Ya ce ya yi nazari, ya yi istihara, ya tuntuɓi manyan littattafai, kuma gaskiya ta bayyana: baƙin nan na laburare, 'yan ƙabilar Linuks, waɗanda ba a san asalinsu ba, ba a san wanda ya aiko su ba, su ne munafukan daula. Zai kama shugabansu. Sannan da ƙarfe huɗu saura kwata zai shiga Ɗakin Sanyi ya kashe saba, ya share jakar kowa, a sake rayuwa daga farko.

"Yau ko ni ko su!"

Jama'a suka tafa, don duk ranar da aka kashe saba ana tashi da wuri.

Ya ɗauki baron mai shara ya tura shi zuwa laburare, ƙarar tayarsa na tashi kamar tambarin yaƙi. Mai kula da laburaren wata dattijuwa ce, Hajiya Gaje, wadda ta shekara ashirin da shida a wurin, gidanta yana jikin katangar kwaleji, kullum ita ke fara zuwa ita ke ƙarshen tashi. Ta ɗago daga saƙar hular da take yi ta dube shi ta saman tabarau.

"Tasi'u, me ya ci maka baki?"

"Hajiya, aiki na zo yi."

"To, yi a hankali, na share wurin."

Kwamfutocin laburare sahu biyu ne. Biyar a gaba, inda ɗalibai ke zama. Bakwai a baya, can bayan kantocin littattafai, sikirin ɗinsu a duhu, kowacce an manna mata takarda: TA LALACE, KADA A TAƁA. Gwarzo bai ko juya wuyansa wajen sahun baya ba. Ya nufi sahun gaba, ya zaɓi wadda ta fi girma, wadda wata ɗaliba ke karanta darasin allurar rigakafi a kanta, ya fizge wayoyinta ba sallama, ya rungume ta, ya ɗora a baro, ya ɗaure da igiyar shanya. Ya zagaya da ita harabar kwaleji sau biyu don kowa ya ga ganima, sannan ya jefa ta sito tsakanin karyayyun kujeru, ya sa kwaɗo.

Ana cikin wannan biki aka kira la'asar. Kubura ta kai ɗari biyu da goma sha uku. Ta bar kwamfutarta a buɗe ta tafi laburare, don a bayan kantocin nan matan kwaleji suke shimfiɗa darduma. Ta idar, ta miƙe tana naɗe dardumar, sai gefen mayafinta ya ja maus ɗin ɗaya daga cikin lalatattun nan bakwai. Lalatacciya ta buɗe ido. A saman sikirin, ga suna ɓaro-ɓaro: Kubura Isyaku. Ta danna jakar. Sittin da uku. Haladu Maigari.

"Hajiya! Hajiya, zo ki gani!"

Hajiya Gaje ta taso da saƙarta a hannu. "Ke, rufa mana asiri, mene ne na ihu?"

"Sunana ne a nan."

"To sunan wa kike so ki gani? Ba ke kika ba ni kalmar sirrinki ba, ranar da na ce na gaji da ganinki kina shigowa da gudu takwas saura minti ɗaya kamar an koro ki? Na ce kawo in riƙa shigar miki, ki kai 'ya'yanki makaranta a natse."

"Na ba ki. Amma Hajiya, in kin shigar, sai yaushe kike fita?"

"Sai biyar, in zan rufe. A ga mutum ya yini a bakin aiki."

Kubura ta dafa kanta. Dokar da ke manne a ƙofar ofishinsu, wadda take wucewa kullum ba ta kallo, ta zo mata kalma bayan kalma. Ita tana fita ƙarfe huɗu da sunaye ɗari biyu da wani abu. Wannan tana fita ƙarfe biyar da sittin da ukun da ta ɗauko tun safe. Wadda ta fita ƙarshe, nata ne gaskiya.

"Hajiya, ke ce kike share min aiki. Kwana tara!"

"Ni? Ni da ko sunana ban iya bugawa da sauri ba? 'Yar nan, ki ji tsoron Allah. Mutum bakwai nake yi wa wannan taimakon. Waccan ta Rajistara ce. Waccan ta mai jarrabawa. Ta ƙarshen can, jikin taga, ta Tasi'u ce, shekara biyu ke nan, tun makon da ya kawo tsarin."

"Har Injiniya?"

"Shi ya fara kawo nasa. Shi ya rubuta takardun nan na ta lalace."

"Kuma duk cikinsu ba wanda aikinsa ya taɓa ɓacewa?"

Hajiya Gaje ta sauke tabarau ta dube ta da mamaki na gaskiya.

"Wane aiki?"

Agogon bango ya nuna huɗu saura minti ashirin. Saura minti biyar gwarzo ya kashe saba. Kubura ta fitar da sunanta daga kwamfutar laburare, ta tsaya tana kallon wani ɗan da'ira yana juyawa a sikirin kamar ba shi da gaggawa a duniya, har ya gama mayar wa saba sittin da ukunsa. Sannan ta cire takalmi ta riƙe a hannu.

"Au, ko na gode babu?" Hajiya ta ɗaga murya a bayanta. "Daga yau ki shigar wa kanki! Mutum ya yi alheri a ce ya yi ɓarna!"

Kubura ba ta tsaya ba. Ta keta harabar da gudu, ta wuce darbejiya, ta wuce kaji, kuma da ta zo baranda sai ta hango abin da ta fi tsoro: Injiniya tsaye a ƙofar Ɗakin Sanyi, jama'a kewaye da shi, ya ɗaga hannu ɗaya sama yana kammala jawabi.

"Injiniya, don Allah minti biyar! Na gano abin!"

"Malama, koma kan kibod ɗinki. Wannan fagen maza ne."

Ya juya ga ƙofa da izza irin ta wanda zai buɗe birni. Ya sa hannu a aljihun dama. Ya sa a na hagu. Ya shafa ƙirji, ya shafa baya, ya zazzage jakar nan da ba a taɓa ganin cikinta ba, sai ga caja ɗaya, da cokali, da rabin burodi. A nan ne ya tuna cewa mabuɗin Ɗakin Sanyi, guda ɗaya tilo a duniya, yana aljihun yagaggen wandon da ke wurin mai wanki a bakin kasuwa, kuma mai wankin ya tafi ƙauye suna, sai Asabar.

Ya yi wa ƙofar kafaɗa sau ɗaya, don tarihi. Ƙofar ƙarfe ce.

Kafin ya gama murza kafaɗar, Kubura ta isa teburinta, ta adana, ta fita. Da'irar ta juya, ta juya, ta tsaya. Wannan karon ita ce ta ƙarshe.

Ranar Alhamis ta bar tagwaye wurin maƙwabciya ta iso bakwai da rabi. Ta buɗe jaka ido a rufe, sannan ta buɗe ido ɗaya. Ɗari biyu da goma sha uku. Haladu Maigari ya nutse can tsakiyar jama'a, ya zama ɗalibi kamar kowa. Ba ta ci abinci ba ranar, ba ta amsa gaisuwar kowa ba, kuma kafin la'asar suna na ɗari uku da arba'in ya shiga. Rajistara ya buɗe durowa ya ƙirgo mata farar takarda kamar yana ba da 'yarsa, aka je ofishin jarrabawa aka fitar, ƙarƙashin ramin da ƙafar gwarzo ta bari.

Labarin nasara kuwa ya riga ta isa ko'ina. Injiniya ya zagaya ofis-ofis yana tambayar mutane ko sun lura cewa daga ranar da ya kama shugaban munafukai fitina ta kwanta. Ya rubuta rahoto shafi tara, mai taken Murƙushe Tawayen Cikin Gida, inda ya bayyana dabarun yaƙin silin, da gargaɗin da ya yi wa Mak, da hikimar da ta sa ya fasa kashe saba a minti na ƙarshe don tausayin talakawa. Kubura ta same shi a baranda ta ce tana son ta gaya masa ainihin abin da ya faru a sahun baya na laburare. Ya dube ta da idonsa mai lafiya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya irin yadda ba a taɓa ji ya rage ba.

"Malama Kubura, aikinki ya dawo?"

"Ya dawo."

"To wane sahun baya kuma?"

Ranar Juma'a Majalisa ta zauna. Aka miƙa jerin sunaye, Shugaba ya duba shafin farko, ya auna nauyin sauran a tafin hannu, ya ce madalla. Aka tabbatar da Kubura Isyaku a aiki cikin jimla ɗaya, tsakanin maganar gyaran silin da maganar kuɗin shayi. Sannan aka shafe minti arba'in ana yaba wa Injiniya, aka ba shi takardar yabo, wadda kafin magariba ta shiga leda. Kwamfutar da aka kama tana sito har yanzu da igiyar shanya a wuyanta, ɗalibai kuma suna layi a kan huɗun da suka rage.

Ranar Litinin maƙwabciya ta ce ita ma tana da nata 'ya'yan. Kubura ta kai tagwaye makaranta, ta iso takwas da minti ashirin, ta tarar da ofisoshi a rufe, ba kowa a harabar sai mai shara da kaji. Ta buɗe, ta zauna, ta shiga da sunanta. Saba ta yi mata jan layi.

Wajen sha ɗaya Injiniya ya iso, ya gani, ya kusa faɗuwa don murna, domin tun da aka kafa tsarin saba ba ta taɓa kama kowa ba sai yau. Ya ruga ofishin Rajistara, wanda shi ma shigowarsa ke nan yana cire hula.

"Ranka ya daɗe, tsari ya yi aiki! An kama na farko!"

Rajistara ya ce lallai a ba ta takardar tuhuma, don ta zama darasi ga masu wasa da lokacin gwamnati. Injiniya ya tsara ta da hannunsa a bayan wata ambulan. Aka duba wanda zai buga, aka sake dubawa, sannan aka miƙa wa Kubura. Ta buga, ta gyara masa kuskure uku, ta kai Rajistara ya sa hannu, ta dawo teburinta ta sa hannu ta karɓa.